Inda Takardun Suke: Binciken Tarihin Biyetnam, Siyam da Ƙasar Malayu a Zamanin Turawa

Tsakanin shekarar 1858, lokacin da jiragen yaƙin Faransa suka buɗe wuta a kan tashar Da Nang da ke gaɓar Biyetnam, da shekarar 1909, lokacin da Birtaniya da masarautar Siyam suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Malayu gida biyu, aka shata mafi yawan iyakokin da ake gani yau a taswirar wannan sashe na kudu maso gabashin Asiya. Faransa ta haɗa Biyetnam da Kambodiya ƙarƙashin gwamna ɗaya a 1887, ta ƙara da Laos daga baya, ta kira tarayyar Indocin. Birtaniya ta riƙe tsibirin Penang da Malaka da Singafo kai tsaye, ta kuma shiga fadojin sarakunan Malayu ɗaya bayan ɗaya. Siyam kuwa, wadda ta koma Tailan a 1939, ta tsira da sarautarta bayan ta sallama yankuna masu faɗi ga maƙwabtan nan biyu. Iyakokin da aka ja sun ratsa takardu kamar yadda suka ratsa ƙasa, domin kowace hukuma ta rubuta abin da ta rubuta da harshenta, ta jera shi bisa tsarin ofisoshinta, ta kuma adana shi inda ta ga dama, har ya zama mai binciken da ya koyi harshe ɗaya ya zauna a taska ɗaya yakan fito da tarihin da ya yi daidai da taswirar mai mulki, ko da kuwa nufinsa tun farko shi ne ya ƙaryata mai mulkin.

Masana sun daɗe da lura da wannan tarko. A 1961 wani masanin tarihi Ba'amurke mai suna John Smail ya buga maƙala mai tasiri, inda ya nuna cewa tarihin da Turawa suka rubuta don yabon kansu da wanda 'yan kishin ƙasa suka rubuta don tsine musu duk a kan Bature suka kafa ido, saboda haka ya nemi a rubuta tarihin da zai bi al'amuran cikin gida na al'ummomin yankin, a bar Bature ya shigo inda ya shigo da gaske. Shawarar tana da kyau, amma aiki da ita ya rataya ne a kan abin da ya rage na shaida. Taskar takardun tarihi, wato ma'adanar da hukuma ke tara wasiƙu da rahotanni da rajistocin da ta gama aiki da su, an gina ta ne don gwamnan gobe ya san abin da gwamnan jiya ya yanke, kuma talaka yakan shiga cikinta ranar da ya biya haraji, ko ya ƙi biya, ko aka kama shi.

A Biyetnam wahalar farko ita ce ta rubutu. Har zuwa farkon ƙarni na 20, fadar sarakunan gidan Nguyen, waɗanda suka yi mulki daga birnin Hue tun 1802, da Sinancin littafi take gudanar da al'amuranta, kuma da shi ake jarrabawar ɗaukar ma'aikata, wadda ta kasance ƙofar shiga aikin sarauta shekaru aru-aru. Kusa da shi akwai chu nom, wato salon da aka sarrafa alamomin Sinanci don su ɗauki sautin harshen Biyetnam, wanda mawaƙa suka fi amfani da shi. Na uku shi ne quoc ngu, rubutun baƙaƙen Romawa da limaman Katolika 'yan Fotugal suka fara tsarawa a ƙarni na 17, wanda Alexandre de Rhodes ya yi amfani da shi a ƙamusun da aka buga masa a birnin Rum a 1651. Faransawa sun rungumi na ukun domin ya sauƙaƙa musu samun tafintoci da akawuna, ya kuma raba jama'a da malaman da suka jagoranci turjiya. Jaridar farko da aka buga da shi, Gia Dinh Bao, ta fito a Saigon a 1865 a hannun hukuma. Daga baya masu adawa da su ma suka ga amfaninsa, kamar malaman da suka buɗe makarantar kyauta ta Dong Kinh Nghia Thuc a Hanoi a 1907, wadda hukuma ta rufe kafin ta cika shekara, waɗanda suka koyar da shi don ilimi ya isa ga mutane da yawa cikin ɗan lokaci. An yi jarrabawar Sinanci ta ƙarshe a Hue a 1919, kuma ba a wuce tsara biyu ba jikokin malaman suka kasa karanta abin da kakanninsu suka rubuta a ginshiƙan wuraren ibada da cikin littattafan nasaba. Wanda ya san yadda boko ya ture ajami daga ofis a ƙasar Hausa zai gane yanayin, sai dai a can yankewar ta fi zurfi, domin babu makarantar allo a kowace unguwa da za ta ci gaba da raya tsohon rubutun.

Abin da ke cikin tsohon rubutun kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai chau ban, takardun da ma'aikatu da gwamnonin larduna ke aika wa sarki ya yi musu sharhi da hannunsa da jar tawada, waɗanda kimanin 85,000 daga cikinsu suka tsira daga yaƙi da damshi, suna ajiye a Hanoi. Akwai allunan katako fiye da 34,000 da aka sassaƙa don buga tarihin daular da dokokinta, waɗanda ke garin Da Lat. Akwai rajistocin gonaki na ƙauye-ƙauye masu nuna sunan mai gona da faɗinta. Cibiyar binciken Faransa kan Gabas mai Nisa, wadda ta samu sunanta a 1900 ta kuma zauna a Hanoi, ta sa an kwafo rubutun da ke jikin dubban duwatsun tunawa, ta tattara dokokin da ƙauyuka suka rubuta wa kansu, kuma tarin yana hannun masanan Biyetnam yanzu. Daga irin waɗannan ne ake ganin gardamar da aka yi a fadar Hue kan yaƙi ko sulhu bayan an rasa larduna uku na kudu a 1862, da yadda ƙauye ke raba gonakin gandun jama'a tsakanin mazaunansa, abubuwan da rahoton jami'in Faransa ke taɓawa a layi ɗaya ya wuce. Masu iya karanta su 'yan ƙalilan ne, kuma horar da mutum ɗaya yakan ci shekaru.

Takardun Faransawa su ma sun rabu biyu. A 1917 gwamna Albert Sarraut ya kafa hukumar taskoki da ɗakunan karatu ta Indocin, ya ɗora Paul Boudet a kanta, shi kuma ya jera fayilolin bisa tsarin haruffa da lambobi. Da mulkin ya zo gargara, sai aka ƙulla yarjejeniya a 1950 tsakanin Faransa da gwamnatin Biyetnam ta Bao Dai, aka bambanta takardun da aka ce na ikon mallaka ne, wato na siyasa da soja da 'yan sandan ciki da hulɗar waje, da takardun aikin yau da kullum irin na filaye da hanyoyi da makarantu. Aka loda na farko a jirgin ruwa zuwa Faransa, inda suke yanzu a garin Aix-en-Provence, aka bar na biyu a Hanoi da Saigon. A Afirka ta Yamma ta Faransa ba a yi irin wannan kwasa ba, domin takardun tarayyar sun zauna a Dakar. A Indocin kuwa tambaya ɗaya takan buƙaci tafiya biyu, ta yadda koken manoma kan harajin gishiri zai iya kasancewa a Hanoi, umarnin kama shugabanninsu kuma a kudancin Faransa, kuma ɗalibin Biyetnam da ba shi da kuɗin jirgi da biza rabin labarin kaɗai zai gani.

Fayilolin 'yan sandan ciki sun fi kowanne jan hankalin masana, sun kuma fi kowanne haɗari. Cikinsu akwai wasiƙun da aka tare, da ƙasidun da aka ƙwace, da bayanan da aka tatsa daga fursunoni, wasu ƙarƙashin azaba, da rahotannin 'yan leƙen asiri masu neman abin da zai burge wanda ke biyansu. Ta nan aka san abubuwa da yawa game da zirga-zirgar jagororin turjiya, kamar ta Phan Boi Chau a ƙasar Sin da ta Ho Chi Minh a Faris, amma wanda ya dogara da su kaɗai zai ɗauka kowane ɗan Biyetnam ko mai ƙulla maƙarƙashiya ne ko mai tona ta. A ɗaya gefen, bayan ƙarewar mulkin Faransa a 1954 hukumar Hanoi ta tattara labaran tsofaffin 'yan gwagwarmaya ta buga, kamar na Tran Tu Binh kan gonar robar kamfanin Michelin da ke Phu Rieng, inda leburori suka yi bore a 1930. Littafi ne mai daraja wajen sanin duka da zazzaɓi da gudun leburorin kwantiragi, amma an rubuta shi bayan jam'iyyar gurguzu ta yi nasara, kuma kowane lamari a cikinsa yana gangarawa zuwa ga wannan nasara. Yunwar 1944 zuwa 1945 a arewacin ƙasar ta nuna iyakar duka biyun. Japanawa sun kifar da hukumar Faransa a watan Maris na 1945 ana tsakiyar mace-mace, ba a ƙirga gawawwaki yadda ya kamata ba, shi ya sa ƙiyasi ya tashi daga dubban ɗaruruwa har zuwa miliyan 2, kuma da yawa daga abin da aka sani game da ƙauyuka ya fito ne daga bakin waɗanda suka tsira, da aka zauna da su bayan kusan shekara 50.

A ƙasar Malayu Turawa sun bar sarakuna a kan gadajensu, suka zauna kusa da su. Yarjejeniyar Pangkor ta 1874 ta ɗora wa Sultan na Perak Razdan wanda dole a nemi shawararsa a kuma bi ta a kowane al'amari in ban da addini da al'adar Malayu. Na farkonsu, James Birch, an kashe shi a Pasir Salak a 1875 bayan ya yi gaggawar karɓe haraji daga hannun masu sarauta ya kuma tsoma baki a sha'anin bayin bashi, aka kori Sultan Abdullah zuwa tsibiran Seychelles, amma tsarin ya tabbata a Perak da Selangor da Negeri Sembilan da Pahang, waɗanda aka haɗa cikin tarayya ɗaya a 1896. Kamanninsa da abin da aka yi a Arewacin Nijeriya yana da tushe har a cikin ma'aikata, domin Hugh Clifford, wanda ya fara aiki a ƙasar Malayu yana ɗan shekara 17 har ya zama Razdan na Pahang, shi ne gwamnan Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, shi ne kuma ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, shekarar da aka buɗe kwalejin horar da malamai ta Sultan Idris a Tanjong Malim. Ga mai bincike, illar tsarin ita ce hukuncin da Razdan ya yanke yakan fito da sunan Sultan da hatiminsa, don haka takarda ba ta bambanta wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru ya buga hatimi.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato cewa jami'an nan su ne kuma masanan farko da Turai ta sani a fannin. Stamford Raffles, wanda ya kafa tashar Singafo a 1819, ya sa marubuta sun kwafa masa littattafai ya kuma sayi waɗanda aka kawo masa, sannan babban kaso na abin da ya tara ya ƙone cikin jirgin Fame a gaɓar Sumatra a 1824, asarar da magatakardansa Abdullah bin Abdul Kadir ya koka a kanta cikin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1849. Abin da ya tsira daga hannunsa da na waɗanda suka biyo shi yana Landan da Leiden da Jakarta, ciki har da kwafen Sulalat al-Salatin, tarihin sarakunan Malaka, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne ya riƙe siga mafi tsufa. Duk an rubuta su da Jawi, wato baƙaƙen Larabci da aka ƙara wa ɗigo don sautukan Malayu, kamar yadda ajami yake ga Hausa. R.J. Wilkinson ya rubuta babban ƙamus ya kuma jagoranci daidaita bokon Malayu a 1904, Richard Winstedt ya rubuta tarihin da aka koyar a makarantu. Su da ire-irensu ne suka zaɓi littattafan da za a buga, suka ware abin da suka kira tarihi daga abin da suka kira tatsuniya, suka fifita labaran fada a kan tulin littattafan fiƙihu da tauhidi da tasawwufi waɗanda su ne almajirai ke karantawa. Ba a musun ƙwazonsu, har yau ana buɗe ƙamusun Wilkinson, amma zaɓin da suka yi ya zama manhaja. Muryar Malayawa ta wancan zamani ta fi fitowa a jaridun Jawi, tun daga Jawi Peranakan da aka fara a Singafo a 1876 zuwa mujallar Al-Imam ta 1906, wadda ta ɗauki hasken Al-Manar ta Alƙahira, kuma tun da dokar harshen ƙasa ta 1963 ta tsayar da boko a matsayin rubutun hukuma, masu karanta tsohon Jawi cikin sauƙi sai raguwa suke yi.

Daga alƙaluman irin waɗannan jami'ai ne, musamman Frank Swettenham, aka yaɗa cewa Bamalaye ba ya son aikin wahala, wai shi ya sa aka dogara da Sinawa wajen haƙar kuza aka shigo da Indiyawa tatsar roba. Syed Hussein Alatas ya warware wannan a littafinsa na 1977, ya nuna cewa lalacin da ake nufi shi ne ƙin barin gonar kai don yin ƙwadago a gonar kamfani kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu binciken tattalin arziki kuma sun samo daga fayilolin hukumar kanta cewa manoman Malayu sun yi rububin shuka roba da farashinta ya tashi, har hukuma ta riƙa rubuta sharaɗin hana shuka ta a takardun filaye, ta yi dokar killace filayen shinkafa a 1917, sannan tsarin rage fitar da roba na 1922 zuwa 1928 ya tauye ƙananan manoma ya fifita manyan gonaki. Haka ake sa taska ta ba da shaida a kan masu ita: rahoton shekara yana cewa mutum ba ya aiki, fayil ɗin ofishin filaye yana nuna an gindaya masa sharaɗi don kada ya yi aikin da ya fi riba. Ƙidayar jama'a ma tana buƙatar irin wannan karatu, domin tun ta 1871 jami'ai sun riƙa sauya rukunan da suke jefa mutane, wani lokaci su ware mutanen Jawa da Bugis, wani lokaci su haɗe su da Malayawa, har dokar keɓe filaye ta 1913 ta ɗaure sunan Bamalaye da jin harshen da kuma Musulunci, ma'anar da tsarin mulkin 1957 ya gada ya ƙara mata bin al'ada.

Wasu takardun kuwa da gangan aka hallaka su. Gab da samun 'yancin kai a 1957, jami'an Birtaniya sun tace fayiloli, suka kwashi wasu a manyan motoci daga Kuala Lumpur zuwa sansanin sojan ruwa na Singafo aka ƙone, wasu kuma aka kai Ingila aka ɓoye. Sai a 2011, cikin shari'ar da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka shigar a Landan, gwamnati ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli daga tsofaffin ƙasashen mallaka 37 a wani wuri mai suna Hanslope Park, aka fara sakin su a 2012, har da na ƙasar Malayu. Zamanin da aka fi tacewa shi ne na yaƙi da 'yan gurguzu da aka fara a 1948, wanda a farkonsa sojojin Birtaniya suka harbe maza 24 marasa makami, leburorin roba 'yan asalin Sin, a Batang Kali; iyalansu sun bi kadin abin har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda a 2015 ta ƙi tilasta wa gwamnati buɗe bincike.

Siyam tana kawo tambaya ta daban, domin littattafan makarantunta suna koyar da cewa ba a taɓa mallakarta ba, kuma hikimar sarakuna biyu, Mongkut da ɗansa Chulalongkorn, ita ta cece ta. Gaskiya ne ba a kafa tutar Turawa a fadar Bankok ba. Amma yarjejeniyar da wakilin Birtaniya John Bowring ya ƙulla a 1855 ta ƙayyade kuɗin fiton kayan shigowa a kan kashi 3 cikin 100, ta fitar da 'yan Birtaniya daga ƙarƙashin kotunan ƙasar, sauran ƙasashen Turai suka samu irinta, ba a kuma rabu da waɗannan sharuɗɗa gaba ɗaya ba sai ƙarshen shekarun 1930. A 1893 jiragen yaƙin Faransa suka kutsa kogin Chao Phraya har Bankok suka tilasta sallama gabashin kogin Mekong. Ma'aikatun kuɗi da shari'a da safiyo da gandun daji kuwa sun cika da mashawartan Turawa. Abin da littattafan makarantar suka fi kauce wa shi ne cewa Bankok kanta ta koyi dabarun maƙwabtanta ta yi amfani da su a kan yankunan da ke kewaye da ita. Yarima Damrong, ƙanen Chulalongkorn, wanda ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga 1892 zuwa 1915, ya maye gurbin sarakunan gado da kwamishinoni masu albashi da ake turowa daga babban birni, ya tattara garuruwa cikin manyan larduna da ake kira monthon, kuma a 1901 da 1902 aka yi bore a arewa maso gabas da garin Phrae na arewa, aka kuma samu turjiya a Patani ta kudu. Wannan Damrong ɗin ne, bayan ya bar ma'aikatar, ya shugabanci ɗakin karatun fada, ya tace tarihan sarakuna ya buga, har ake kiransa uban tarihin Tai. Kuma da yake takardun tsohuwar daular Ayutthaya sun salwanta sa'ad da sojojin Bama suka ƙone birnin a 1767, fadar Bankok ce ta sake ɗinka labarin abin da ya gabace ta.

An daɗe kafin a ƙalubalanci wannan gini daga cikin gida. Jit Phumisak ya buga littafi a 1957 wanda ya kalli tsohuwar sarauta a matsayin tsarin tatsar manoma, aka haramta littafin, aka ɗaure marubucin, aka harbe shi a 1966. A 1994 Thongchai Winichakul ya nuna cewa kafin zuwan masu safiyo ikon sarki yana raguwa ne gwargwadon nisa daga fada, ƙananan masarautu sukan kai gaisuwa ga manyan sarakuna biyu ko uku a lokaci guda, saboda haka yankunan da ake cewa Siyam ta rasa ba su taɓa zama cikin wata iyaka da aka shata ba, gasa ce aka yi tsakanin Bankok da Faransa kan wanda zai riga haɗiye su. Wannan ra'ayi shi ya fi dacewa da shaidar da ke akwai, ko da yake faɗinsa a fili yana buƙatar hattara a ƙasar da sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ɓata sunan sarki. Akwai kuma ƙananan tarkuna na aiki: takardun ƙarshen ƙarni na 19 suna ɗauke da shekarar Rattanakosin, wadda ke farawa daga kafa Bankok a 1782, shi ya sa ake kiran rikicin 1893 da rikicin shekara ta 112, waɗanda suka biyo bayansu kuma suna ɗauke da shekarar Buddha, wadda ta ɗara ta Miladiyya da 543, kuma kafin 1941 sabuwar shekara a watan Afrilu take kamawa. Wata taska da ba ta hukuma ba ita ce littattafan da iyalai ke bugawa su raba wa mahalarta ranar ƙona gawar mamacinsu, masu ɗauke da tarihin rayuwarsa, sau da yawa tare da wani tsohon rubutu da ba a taɓa bugawa ba.

A Patani ne matsalar iyakar takardu ta fi bayyana. Masarautun Malayu na arewa sun kasance suna aika wa Bankok bunga mas duk shekara uku, wato 'yan bishiyoyi da aka ƙera da zinariya da azurfa, waɗanda takardun Siyam suka rubuta a matsayin mubaya'a, alhali sarakunan Malayu da dama sun ɗauke su alamar ƙawance da neman zaman lafiya. Turawan Ingila sun karɓi fassarar Bankok inda ta yi musu amfani, kuma a 1909 aka miƙa musu Kedah da Perlis da Kelantan da Terengganu ba tare da an shawarci sarakunansu ba, Siyam ta samu rancen fam miliyan 4 don shimfiɗa layin dogo zuwa kudu, Patani kuma, wadda aka riga aka tuɓe sarkinta Abdul Kadir Kamaruddin a 1902, ta zauna a hannunta. Tun daga nan masu rubuta tarihin Malesiya suka bar ta a wajen iyaka, masu rubuta tarihin Tailan suka mai da ita lardi mai tawaye. Tarihin sarakunanta, Hikayat Patani, sai a 1970 aka buga shi cikakke, daga kwafen da Abdullah bin Abdul Kadir ya yi a Singafo wanda ya ƙare a ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, kuma sai da masanin Malayu, A. Teeuw, da masanin Tai, David Wyatt, suka haɗa hannu kafin aikin ya yiwu.

Babban ɓangare na rayuwar ilimin Patani kuwa a Makka aka yi shi, inda ake kiran duk Musulmin kudu maso gabashin Asiya Jawi, kamar yadda ake kiran na Afirka ta Yamma Takruri. Shaihu Daud al-Fatani, wanda ya rasu a 1847, a can ya rubuta littattafansa na fiƙihu da harshen Malayu, Shaihu Ahmad al-Fatani kuma, wanda ya rasu a 1908, shi ya kula da buga littattafan Malayu a maɗaba'ar da Daular Usmaniyya ta kafa a birnin, yana kuma amsa fatawoyin da ake aiko masa daga gida ta hannun alhazai; waɗannan littattafai ne ake karantawa a pondok, wato makarantun da almajirai ke kafa 'yan bukkoki kewaye da gidan malami, a ɓangarori biyu na iyakar. Daga Makkan ne malamin Patani Haji Sulong ya dawo a 1927, ya miƙa wa gwamnatin Bankok buƙatu bakwai a 1947, ciki har da amfani da harshen Malayu a makarantu da ofisoshi, aka kama shi a farkon 1948, ya kuma ɓace a 1954 bayan 'yan sanda sun kira shi zuwa Songkhla. Arangamar da aka yi a ƙauyen Dusun Nyor a watan Afrilu na 1948, watanni kaɗan bayan kama shi, takardun Tai sun kira ta tawaye, mutanen wurin sun kira ta yaƙi, kuma adadin matattun da ɓangarorin biyu ke bayarwa ya yi nisa da juna ƙwarai. Labarin ɓangaren Malayu ya fito ne a wani ɗan littafi kan tarihin masarautar Patani, wanda marubucinsa ya sa masa sunan aro na Ibrahim Syukri, aka buga shi da Jawi a Kelantan, ƙetaren iyakar 1909, aka haramta shi a Tailan, ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu.